Lafiyar Mace Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa: Bayani Ga Mutanen Madawa, Buza Da Keita

Gabatarwa

A ƙasar Adar da kwarin Majiya, mace ce ke fara tashi a gida, ita ce kuma ke ƙarshen kwanciya. Tun da asuba tana daka, tana ɗebo ruwa, tana neman itace. Da damina tana gayaunarta, da rani tana garkar albasa. Idan maza sun tafi cin rani Najeriya ko Abijan ko Libiya, gida kan rage a hannunta wata da watanni. Ko a lokacin babban aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a shekarar 1984, mata ne suka fi yawa cikin masu jera duwatsu da dashen itatuwa. Saboda haka idan mace ta kwanta ciwo, gidan duka ne ya kwanta.

Wannan bayani ya bi rayuwar mace mataki-mataki, yana nuna cututtukan da suka fi damunta a kowane mataki, da alamunsu, da abin da ya kamata a yi. An shirya shi domin a karanta a ajin yaƙi da jahilci, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ba ya maye gurbin ma'aikacin lafiya. Amfaninsa shi ne mutum ya san lokacin da ya wajaba a tafi likita.

Ina ake samun taimako?

Gidajen likita a Nijar hawa-hawa ne. A ƙauye akwai ƙaramin gidan likita. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, kamar waɗanda ke Bangi, Sabon Gida, Karofan, Tamaske da Ibohaman, inda ake awon ciki da karɓar haihuwa da allurar rigakafi. Abin da ya fi ƙarfin CSI sai a tura shi asibitin gunduma a Madawa ko Buza ko Keita. Daga nan sai birnin Tawa, inda babban asibitin jiha yake, da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Akwai kuma asibitin Galmi da aka buɗe a shekarar 1950, a kan babbar hanya tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni.

A shekarar 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin aikin ciro jariri daga ciki. A 2006 ta ƙara da awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2007 aka haɗa da sankarar da ke kama mata. A 2024 an sanar da rage kuɗin magani a gidajen likitan gwamnati, da yafe kuɗin haihuwa. Duk da haka akan ci karo da kuɗin mota, ko magani ya ƙare a saye a waje. Yana da kyau maigida ya je CSI tun da wuri ya tambayi abin da ake biya da abin da ba a biya.

Ƙuruciya

Lafiyar uwa tana farawa ne tun tana jaririya. Yarinyar da tamowa ta kama, ko ta tashi ba ta ƙoshi, jikinta kan tsumbure, ƙashin ƙugunta ya zama matsattse. Ranar da ta zo haihuwa, wannan ƙugun ne jariri zai bi. Don haka a ba ɗiya mace abinci daidai da ɗa namiji, a kai ta rigakafi, a kwantar da ita cikin gidan sauro, wato sange.

Yaran da ke wanka ko wanki a tabki da madatsun ruwa suna iya kamuwa da tsargiya. Alamarta fitsari da jini. A jikin mace takan taɓa har mahaifa, ta kawo ciwon mara da zubar ruwa, wani lokaci ta hana haihuwa. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu, kuma akwai ta a likita.

Kaciyar mata, da yankan angurya, da yankan gishiri ba su maganin kome. Suna jawo zubar jini, da sarƙe-haƙora, da yoyon fitsari. Dokar Nijar ta haramta kaciyar mata tun shekarar 2003.

Balaga da haila

Yawancin ƴan mata suna fara ganin haila tsakanin shekara 10 da 16. Jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, yakan dawo bayan kwana 21 zuwa 35. A shekarun farko yakan yi wasa, ya zo wannan wata ya tsallake wancan. Wannan ba ciwo ba ne. Wajibi ne uwa ko gwaggo ta yi wa yarinya bayani kafin ranar ta zo, don kada ta tsorata ta ɓoye.

A yi amfani da ƙyalle mai tsabta, a canza shi sau uku ko huɗu a yini, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Ƙyallen da aka ɓoye a lungun ɗaki bai bushe ba yana kawo ƙaiƙayi da wari. A je likita idan jini ya wuce kwana 8, ko yana zuwa da manyan gudaji, ko ciwon mara ya hana yarinya tashi.

Ƙarancin jini

Wannan ita ce cutar da ta fi bin mata, tun daga balaga har ƙarshen haihuwa. Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Abubuwan da ke kawo shi su ne rashin abinci mai gina jini, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, yawan zubar jinin haila, da haihuwa kusa da kusa.

Mai ƙarancin jini takan gaji da ɗan aiki kaɗan, ta ji jiri, zuciyarta ta riƙa bugawa da sauri. Idan aka duba tafin hannunta da cikin fatar idonta, sai a ga sun yi fari. Wata takan ji kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa.

Abincin da ke gina jini yana kusa da mu: wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, kuka, hanta, nama, kifi, ƙwai da fara. Lemun tsami da tumatir da gwaba suna taimakon jiki ya ɗauki amfanin abincin. Shayi kuwa yana rage shi, don haka kada a sha shayi tare da abinci ko nan da nan bayansa. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a likita sukan sa bayan gida ya yi baƙi. Wannan ba illa ba ce, kada a daina sha.

Aure da ciki kafin jiki ya ƙosa

Binciken 2012 ya nuna cewa cikin ƴan mata 100 a Nijar, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Fara haila ba ya nufin jiki ya gama girma. Ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana da shekara 14 ko 15 ta fi babbar mace shiga haɗarin jijjiga, da doguwar naƙuda, da haihuwar bakwaini. A shekarar 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴan mata har su kai shekara 16. Idan kuma an riga an yi auren, ma'auratan suna iya zuwa likita tare a ba su shawarar jinkirta cikin fari. In cikin ya shiga, to lalle ne a yi awo, kuma lalle ne a haihu a likita.

Goyon ciki

Ciki ba ciwo ba ne, amma kowane ciki yana iya zuwa da matsala, ko na fari ne ko na goma. A binciken 2012, cikin kowace haihuwa 100,000 uwa 535 ke rasuwa, wato kusan mace ɗaya a haihuwa 200. Yawancin waɗannan rasuwa ana iya kauce musu.

Mata da yawa suna ɓoye ciki har sai ya fito, saboda kunya ko tsoron baki. Ma'aikaciyar lafiya tana riƙe sirri. A fara awo tun cikin wata uku na farko. A da ana cewa awo huɗu, amma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. Ga abin da ake samu a wurin awo:

- Ana auna hawan jini da nauyi, ana duba fitsari da jini.
- Ana ba da ƙwayar ƙarin jini da za a sha kullum.
- Ana ba da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa.
- Ana yin allurar sarƙe-haƙora. Allura biyar suna kare mace dukan shekarun haihuwarta. A 2016 an tabbatar Nijar ta shawo kan wannan cuta ga uwa da jariri, amma ƙwayar cutar tana nan cikin ƙasa da kashin dabbobi, saboda haka ba a daina allurar ba.
- Ana gwajin sida da tunjere, don a kare jariri.
- Ana duba kwanciyar jariri.

Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ga mai ciki yana shanye jini, yana kawo ɓari, yana sa a haifi jariri ƙarami. Ta kwana cikin sange kowane dare. Kada ta sha maganin ƴan tebur ko jiƙo ba tare da ta tambayi likita ba. A rage mata ɗaukar kaya masu nauyi, a ƙara mata abinci. Hana mai ciki ƙwai ko nama don kada jariri ya yi girma kuskure ne, uwar kawai yake raunanawa. Game da azumi, addini ya yi sauƙi ga mai ciki da mai shayarwa idan suna tsoron cutuwa. A tambayi malamai.

Alamun haɗari ga mai ciki

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne:

1. Zubar jini, kome ƙanƙantarsa.
2. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi.
3. Kumburin fuska da hannuwa.
4. Jijjiga ko suma.
5. Zazzaɓi mai zafi.
6. Ciwon ciki mai tsanani.
7. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba.
8. Jariri ya daina motsi.
9. Numfashi da ƙyar.

Jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, hawan jini ne ke kawo ta. Sau da yawa akan ɗauka iska ce, a tsaya hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure. A yi addu'a a kan hanya. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa. A likita akwai allurar da ke tsayar da jijjigar.

Matar da hailarta ta tsaya wata ɗaya ko biyu, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, tare da jiri, mai yiwuwa cikin ya zauna a wajen mahaifa ne. Wannan sai aiki, kuma ba ya jira. Haka nan wadda ta yi ɓari, ta je a duba ko wani abu ya rage a mahaifa.

Shirin haihuwa

Tun ciki yana wata bakwai, iyali su zauna su amsa waɗannan tambayoyi. A wace likita za a haihu? Da me za a tafi, amalanke ko babur ko mota, kuma wa ke da lambar wayar mai motar? Nawa aka ajiye? Wa zai raka ta, wa zai zauna da yara? Waɗanne ƴan uwa ne za su ba da jini in an buƙata?

Tambaya mafi girma ita ce ta izini. Maigidan da zai tafi cin rani ya bar izini a fili, gaban mahaifiyarsa da ƴan uwansa, cewa duk lokacin da matarsa ta ga alamar haɗari a kai ta likita ba sai an neme shi ba. Garuruwan da ke bayan ƙorama ko kan dutse, inda ruwa ke yanke hanya da damina, ya fi kyau mai ciki ta koma wurin dangi kusa da CSI idan watanta ya kama.

Haihuwa

Al'ada ta koya wa mace ta yi naƙuda shiru, ita kaɗai a ɗaki, musamman a haihuwar fari. Dauriya abin yabo ce, amma shirun nan ya sa an rasa mata da yawa, domin ba wanda ya san tun yaushe naƙudar ta fara. Naƙudar da ta wuce awa 12, misali daga asuba har magariba, ta zama doguwar naƙuda. Ko jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko ya kwanta a gicciye. Danna ciki, da jiƙon ƙara naƙuda, da yankan gishiri ba su buɗe ƙashi. Suna iya fasa mahaifa. Aikin ciro jariri ba gazawa ba ce ga mace, kuma wadda aka yi wa tana iya sake haihuwa, sai dai a asibiti.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Mafi yawa mahaifa ce ba ta tsuke ba, ko wani yanki na mabiyiya ya rage a ciki. A likita ana yin allura ko a ba da ƙwaya da zarar jariri ya fito, don mahaifa ta tsuke. Daga shekarar 2014 Nijar ta baza wani shiri a gidajen likita na ƙasa, mai matakai uku: ƙwayar tsayar da jini, da ƴar jakar ruwa da ake sa wa cikin mahaifa ta danne jijiyoyi, da wata rigar roba da ake ɗaure mace da ita har a kai ta babban asibiti. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwa ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. Wadda ta haihu a gida ba ta samun wannan cikakken taimako.

Idan haihuwa ta zo a gida ba shiri, kuma jini yana jiƙa zane bayan zane, ko mabiyiya ba ta fita ba bayan rabin awa, a sa jariri a nono, a murza mara a hankali har ta yi tauri, a kama hanya. Kada a ja cibiya. Aikin ungozomar gari mai daraja a yau shi ne ta gane haɗari da wuri ta raka mace likita.

Yoyon fitsari

Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, yakan matse naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya faɗi ya bar rami. Daga nan fitsari, wani lokaci har bayan gida, ya riƙa zuba dare da rana. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Sai mace ta haɗa rashin ɗa da ciwo, sau da yawa har da saki da ƙyamar mutane.

Yoyon fitsari ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba sammu ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne. Yana warkewa: mafi yawan masu shi suna samun lafiya idan aka yi musu aiki, ko da sun shekara goma da shi. Wadda ta ga yoyo a kwanakin farko bayan haihuwa ta gaggauta, domin ƙaramin rami sabo yakan rufe da robar fitsari kawai. Ana yin aikin a Tawa, da Yamai, da Damagaram, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012. Hanyar tana farawa daga CSI mafi kusa. Kafin a kai ga aiki, kada ta rage shan ruwa, domin ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙona fata. Bayan aiki ta huta da kwanciyar aure na watannin da likita ya faɗa, kuma duk cikin da ta samu nan gaba a asibiti za a ciro shi.

Jego

Kwana arba'in na jego hutu ne da al'ada ta tanadar wa mace, kuma abu ne mai kyau. A duba mai jego a likita cikin yinin farko, da kwana na uku, da wajen ranar suna, da wajen arba'in. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin farko na jariri, kada a zubar. Nono zalla, ba ruwa ba bauri, har wata 6.

Akwai abubuwa biyu na al'adar jego da ke son gyara. Na farko wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Na biyu kunun kanwa mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego Hausawa, suka danganta shi da gishirin kanwa da zafin da ke ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna hawan jini da rashin abinci mai kyau su ma suna da hannu. Don haka a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda ba ya ƙona fata, a sha kunu ba kanwa ko da ƴar kaɗan. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya sai a zaune, zuciyarta ce ta gaji. A kai ta asibiti.

Sauran alamun haɗari su ne zazzaɓi, jini mai wari, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, da nono ya kumbura ya yi ja. Wata mai jego kuma takan shiga baƙin ciki, ta riƙa kuka, ta kasa barci, ta ƙi jaririnta. Wannan ma ciwo ne mai magani. Tana bukatar a jawo ta a jiki, ba faɗa ba.

Tazarar haihuwa

A 2012 macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a 2021 adadin ya sauko zuwa 6.2. Kakanninmu sun san illar kwanika, wadda wasu ke kira rurrutsa: na goye ya rame, na ciki ya raunana, uwa ta ƙare. Addini ma ya kwaɗaitar da shayarwa shekara biyu. Shawarar likitoci ita ce a bar shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki, bayan ɓari kuwa wata shida.

Shayarwa tana hana ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. Bayan haka akwai ƙwayar sha kullum, da allurar wata uku, da ashanar da ake sa wa a damtse mai shekara 3 zuwa 5, da robar mahaifa mai kai wa shekara 10, da kwaroron roba. Dukansu in an daina haihuwa tana dawowa, ko da yake bayan allura takan ɗan jinkirta watanni. Wasu sukan canza tafiyar haila. Wadda hanya ɗaya ba ta karɓe ta ba ta koma a canza mata wata.

Ciwon sanyi, sida da rashin haihuwa

Ɗan farin ruwa marar wari da mace ke gani ba ciwo ba ne. Amma ruwa mai wari ko mai launi, ƙaiƙayi, gyambo a gaba, zafin fitsari, da ciwon mara, suna son magani. Wasu daga cikin cututtukan nan ta kwanciya ake ɗaukarsu, saboda haka sai an yi wa miji da dukan matansa magani lokaci ɗaya, in ba haka ba ciwon ya riƙa zagayawa a gida. Cusa magunguna a gaba don matsi ko ni'ima yana ƙona fata, yana buɗe wa cuta hanya.

Mai ɗauke da sida yana iya shekaru ba alama. Gwaji kaɗai ke nunawa. Maganin da ake sha kullum yana sa mutum ya rayu da lafiyarsa, yana kuma kare jariri. Namijin da ya dawo daga doguwar tafiya ya kyautata wa iyalinsa idan ya yi gwaji.

Idan ma'aurata sun shekara tare ba ciki, su je likita su biyu. Matsalar tana iya kasancewa daga namiji kamar yadda take iya kasancewa daga mace. Ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba yana cikin manyan dalilan toshewar hanyar ƙwai.

Sankarar mama da ta bakin mahaifa

Waɗannan biyu su ne sankarar da ta fi kama mata. Kowane wata, bayan wankan tsarki, mace ta shafa nononta da hammatarta. In ta ji ƙullutu, ko da ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ta je likita. Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, amma likita ne zai bambance. Sakiya da ɗaure-ɗauren magani suna cinye lokacin da ya kamata a yi aiki.

Sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta kwanciya ke kawo ta, kuma takan ɗauki shekaru goma ko fiye kafin ta bayyana. A tsawon wannan lokaci gwaji mai sauƙi yana gano ta, a kashe ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Daga shekara 30 mace ta nemi a duba ta, mai ɗauke da sida kuwa daga 25. Alamunta jini bayan kwanciya, jini tsakanin haila da haila, da ruwa mai wari da ba ya jin magani. Tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashin sankara da na'ura, abin da a da sai an fita waje.

Ɗaukewar haila da tsufa

Tsakanin shekara 45 da 55 haila takan fara wasa har ta ɗauke. Mace takan ji zafi ya taso mata, gumin dare, rashin barci, da saurin fushi. Wannan sauyin jiki ne, yana wucewa. Sai an shekara cur ba haila ake cewa ta ɗauke, kafin nan ciki yana iya shiga. Jinin da ya dawo bayan ta ɗauke kuwa alamar haɗari ce.

Yawan haihuwa da ɗaukar kaya sukan sa mahaifa ta zazzago, mace ta ji abu yana leƙowa ta gaba. Tsofaffi da yawa suna ɓoye wannan shekara da shekaru, alhali ana gyara shi. Hawan jini da ciwon suga ba su da alama da farko, don haka a riƙa aunawa ko sau ɗaya a shekara, a rage gishiri da dunƙulen miya da sukari. Hayaƙin murhu yana kawo tari da ciwon ido, a yi girki inda iska ke shiga. Yanar ido ana cire ta da ɗan aiki. Haka nan gashin ido da ya juya ciki yana sosa ƙwayar ido sakamakon amodari, ana gyara shi kafin ya makantar.

Aikin maigida da na gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidaje kuɗi da izini suna hannun namiji, shawara kuma tana hannun uwar miji. A ƙarshen shekarun 2000 aka fara makarantun mazaje a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya abin ya kai jihar Tawa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a Maraɗi a 1991, sun nuna yadda ƙaramin zubi na mako-mako ke zama asusu. Kowane gari yana iya ware wani kaso na irin wannan asusu don kai mai naƙuda likita, a kuma san amalanke ko motar da za a tasa da dare. Liman da maigari su riƙa tunatarwa a masallaci da wurin suna.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi alamun haɗari biyar ga mai ciki.
2. Awa nawa naƙuda za ta yi a ce ta yi tsawo?
3. Me ke kawo yoyon fitsari, kuma ina ake maganinsa?
4. Daga garinku zuwa CSI tafiyar awa nawa ce da rani, nawa ce da damina?
5. Idan maigida yana cin rani, wa ke ba da izinin kai mace likita a gidanku?